Baƙo, San Kuɗin Ƙasa Kafin Shiga Kasuwa

Duk baƙon da ya nufi kasuwar ƙauye, kamar ta Sahon Rami a yankin Kontagora, ya kamata ya san kuɗin Nijeriya tun kafin ya taya kaya.

A ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya ya koma naira biyu. Shi ya sa har yau dattijo in ya ce jaka, naira 200 yake nufi, wato fam ɗari na da. Mutumin Maraɗi kuwa jakarsa sefa 1,000 ce. Sai a tantance kafin a sallama.

Hoton Murtala yana kan naira 20, Sardauna kan 200, Azikiwe kan 500. Ƙwandala kuwa doka ta yarda da ita, amma mai ƙosai ba za ta karɓa ba.

An sauya launin naira 200, 500 da 1,000 a 2022, amma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Nuwamba 2023 cewa tsofaffin ma suna ci. Kada baƙo ya yarda a rage masa ko kwabo a kansu.