A bar wa harshen majiyyaci gurbi a shekarar farko ta karatun lafiya

Ɗalibin da ya samu bakaloriya ya shiga tsangayar ilmin lafiya a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, da takwaransa da ya ci jarrabawar JAMB ya samu gurbi a Zariya ko Kano ko Sakkwato, kusan abu ɗaya suke tararwa a jadawalin shekarar farko: ilmin sinadarai, fiziks, ilmin halittu, lissafi, sai kuma ɗan abin da ya shafi harshen koyarwa, Faransanci a nan, Ingilishi a can. Babu mai hankalin da zai ce a soke ko da ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda bai san yadda gishiri ke narkewa a ruwa ba, ba shi da hurumin rataya wa yaro ledar ƙarin ruwa. Sai dai akwai darasin da da wuya a gan shi a wannan jadawali, alhali da shi ɗalibin zai yi aiki kowace safiya har ya yi ritaya, wato harshen da majiyyaci zai faɗi ciwonsa da shi. Ya kamata a ba shi gurbi tun a shekarar farko, a yi jarrabawarsa, a ba shi maki kamar kowane darasi.

Kafin a kai ga dalili, yana da kyau a san inda aka gaji fasalin wannan shekara. A Faransa, wadda ƙasashe masu amfani da Faransanci suka kwaikwayi tsarinta, an kafa ƙa'idar ƙayyade yawan masu wucewa zuwa shekara ta biyu a 1971. Tun daga nan shekarar farko ta koma rariya. Ana tara ɗalibai a manyan zauruka, a zuba musu karatu, a ƙarshen shekara a tankaɗe, kaɗan su wuce, mafi yawa su zube. A 2010 aka haɗa masu neman likita da haƙori da haɗa magani da ungozomanci a shekara guda mai suna PACES. Bayan shekara 10 Faransawan da kansu suka rushe ta, suka kawo wani tsari a 2020 wanda ke sa ɗalibi ya haɗa karatun lafiya da wani fanni na daban, kamar shari'a ko adabi, don kada wanda bai wuce ba ya tashi a tutar babu. A Amurka kuwa, rahoton Flexner na 1910 ne ya ƙarfafa cewa sai ɗalibi ya ƙware a sinadarai da fiziks da ilmin halittu kafin ya shiga makarantar likita. Sai a 2015 aka ƙara wa jarrabawar shiga, MCAT, sashe a kan halayyar ɗan Adam da zamantakewa. Masu abin sun gane cewa rariyar tana zaɓo gwanayen hadda, kuma gwanin hadda ba lalle ne ya iya sauraron mutum ba.

A ƙasar Hausa matsalar ta fi haka zurfi, domin harshen aji daban, harshen ɗakin duba majiyyata daban. A ɗauki kalmar “sanyi”. Tsoho zai ce sanyi ya kama shi, yana nufin gaɓoɓinsa na ciwo. Uwa za ta ce ɗanta na da sanyi, tana nufin mura da tari. Matar aure za ta sunkuyar da kai ta ce tana fama da ciwon sanyi, tana nufin ƙaiƙayi ko fitar ruwa daga gabanta, wanda ke iya zama cutar da ake ɗauka wajen saduwa. Kalma ɗaya, cututtuka uku, magunguna uku. Haka “ciwon zuciya”: wani na nufin ƙirjinsa na bugawa yana haki idan ya hau tudu, wata kuwa tana nufin baƙin cikin da ya hana ta barci tun da aka yi mata kishiya. “Shawara” na iya zama rawayar idon jariri ɗan kwana uku, ko ciwon hanta a jikin babba, kuma da sunan ne ake kiran zazzaɓin nan mai kisa da sauro ke yaɗawa. “Ciki” kuwa ya haɗa tumbi da hanji da mahaifa da juna biyu. Hatta kalmar “likita” ba ta tsaya wuri ɗaya ba: a Kano mutum ne, amma a bakin mutane da yawa a Nijar ginin ma likita ne, ana cewa an kai wance likita.

Za a ce ai ɗaliban Hausawa ne, da Hausa suka tashi, me za a koya musu? Wannan magana tana da rauni ta fuska biyu. Da farko ba dukansu ne Hausawa ba. A Yamai akwai Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari a aji ɗaya, kuma aikin gwamnati na iya kai Bazabarme Tawa, ya kai Bahaushe Tilabere. A Nijeriya hidimar ƙasa, wadda aka kafa a 1973, tana kai sabon likita daga Inugu ko Ibadan ƙauyen Jigawa ko Zamfara. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, Hausar gida ba ta isa. Yaron da ya yi shekara 13 yana karatu da harshen Turawa ya san sunan kowane ƙashi da Latinanci, amma a ce ya bayyana wa tsohuwa mene ne hawan jini, da dalilin da zai sa ta ci gaba da shan magani alhali ba ta jin ciwon komai, sai ya kama kame-kame, rabi Hausa rabi Faransanci. Tsohuwar za ta gyaɗa kai don ladabi, ta koma gida, ta sha maganin kwana biyar ta ajiye.

Akwai kuma abin da ba a cikin ƙamus yake ba. Kunya tana da nata nahawun. Mace ba za ta ambaci al'aurarta ba, sai ta ce “gaba” ko “ƙasa”. Ba za ta ce tana haila ba, sai ta ce ba ta salla. Idan ɗan fari ne aka kawo, uwar na iya ƙin faɗin sunansa, ta yi kamar ba ta damu ba, ta bar kakar yaron ta yi bayani. Baƙon da bai san al'adar ba zai rubuta a takarda cewa uwar ba ta kula da ɗanta. Majiyyaci da aka tambaya yaya jiki zai ce da sauƙi, ko da kuwa numfashi yake ja da ƙyar, domin amsar gaisuwa ke nan, kuma imani ya hana shi buɗe baki da ƙorafi. Likitan da ya ɗauki “da sauƙi” a matsayin rahoto ya yi kuskure. Dole ya iya tambaya ta biyu da ta uku, ya san ya kira dattijo Baba, ya kira dattijuwa Inna ko Hajiya, ya gaisa kafin ya ɗauko abin awo. Waɗannan abubuwa ne da ake iya koyarwa, ake iya gwadawa a aji, ɗalibi ɗaya ya zama majiyyaci ɗaya ya zama likita, malami na saurare.

Misalin da ya fi nuna yadda kimiyya da al'ada suke cakuɗe shi ne na jego. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Suka danganta abin da al'adun jego: wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana 40, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Kanwa tana ɗauke da sinadarin sodiyam mai yawa, shi kuwa sodiyam yana riƙe ruwa a jiki, ya ƙara wa zuciya nauyi. Binciken da aka yi daga baya ya kawo wasu dalilan, har da ƙarancin wasu sinadarai a abinci, kuma masana ba su gama muhawara ba. Abin lura a nan shi ne, ɗalibin shekarar farko yana haddace sodiyam a darasin sinadarai, ya san lambarsa 11 a jadawali, amma babu wanda ya ce masa ga shi can a cikin ƙwaryar kunun da ake miƙa wa mai jego. Wanda bai san kalmar “jego” da abin da ke cikinta ba, ba zai ma san tambayar da zai yi ba.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce kawai. A 1980, a jihar Florida ta Amurka, an kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume. Danginsa masu jin Sifaniyanci suka yi amfani da wata kalma da ke nufin ya ci ko ya sha wani abu da ya ɓata masa jiki. Kalmar ta yi kama da ta Ingilishi mai nufin buguwa, sai aka yi masa jinyar wanda ya sha ƙwaya fiye da kima. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gano, ya shanye hannu da ƙafa, kuma diyyar da aka daidaita a kai ta kai dala miliyan 71. A ƙauyen Dakwaro ko Gumel babu lauyan da zai bi kadin irin wannan kuskure. Za a ce kwana ya ƙare, a yi jana'iza.

Akwai waɗanda suka riga suka gwada. A Afirka ta Kudu, Jami'ar Cape Town tana koya wa ɗaliban likita harshen Xhosa da Afrikaans a cikin karatunsu, ita kuwa Jami'ar KwaZulu-Natal ta wajabta darasin harshen Zulu ga sababbin ɗalibai tun daga 2014. Ba a ji cewa likitocinsu sun kasa tiyata saboda haka ba. A Nijar ma ƙofa a buɗe take, tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan wannan ayyanawa za ta wuce takarda, ɗakin duba majiyyata na cikin wuraren farko da ya kamata a gan ta. Wannan ba ya nufin a danne sauran harsuna. Ɗalibin da Hausa ce harshen uwarsa, ya fi kyau a ƙara masa da Zabarmanci ko Fulatanci na asibiti, gwargwadon yankin da jami'ar take.

Hujjar masu adawa mafi ƙarfi ita ce ta lokaci. Shekarar farko a cike take, ɗalibai na faɗuwa a sinadarai da fiziks tun ba a ƙara musu kaya ba, kuma wasu malamai za su ce a bari sai sun fara zagayen ɗakunan majiyyata, a can za su tsinci harshen da kansu. Gaskiya ne wasu na tsinta. Amma abin da ake tsinta a zagaye shi ne Hausar umarni: kwanta, tashi, buɗe baki, je ki sayo. Ita ce Hausar da ta sa mutane da yawa ke cewa gara su je wurin mai maganin gargajiya, wanda zai shimfiɗa musu tabarma ya saurare su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya shekara uku yana koyon cewa jikin mutum tarin sinadarai ne kawai, da wuya a shekara ta huɗu ya yarda cewa maganar tsohuwa ma hujja ce. Kuma abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: awa biyu a mako, malami daga sashen harsuna da likita ko ungozoma mai aiki su koyar tare, da yini ɗaya a wata da ɗalibi zai zauna a ƙaramin asibiti, da izinin majiyyata, ba ya taɓa kowa, yana rubuta kalmomin da ya ji. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa, shi ne maki. A shekarar da kowa ke tseren tsallake rariya, darasin da ba ya ƙara maki ko rage shi, ɗalibai za su bar wa kujeru.

Masu nazarin Hausa ma aikin ya hau kansu, domin ba a koyar da abin da ba a tattara ba. Ana bukatar jerin kalmomin ciwo na kowane yanki, na Gobir da Adar da Damagaram da Kano da Zazzau, da yadda ma'anarsu ke sauyawa daga gari zuwa gari. Ana bukatar a daidaita yadda za a faɗi abubuwan da Hausa ba ta da tsohuwar kalma a kansu, kamar bambancin ƙwayar cutar da maganin rigakafi ke tarewa da wadda maganin kashe ƙwayoyi ke kashewa. Hatta umarnin shan magani yana bukatar nazari. Takarda ta ce sau uku a rana, ma'ana kowace awa 8. Ma'aikata da yawa sukan ɗaure shi da lokutan salla don majiyyaci ya tuna, dabara ce mai kyau, sai dai tazarar sallolin ba ɗaya ba ce: wanda aka ce masa azahar da la'asar da magariba zai shanye maganin yini guda cikin awa biyar ko shida, ya kwana ya wuni rabin rana babu komai a jininsa. Asuba da azahar da bayan isha kafin barci sun fi kusa da abin da takardar ke nufi. Idan watan azumi ya kama kuma, sai an sake lissafin gaba ɗaya, a tambayi majiyyaci ko zai yi azumin, a duba ko akwai maganin da ake sha sau biyu, ɗaya da sahur ɗaya da buɗa baki.