Jirgin da bai koma Duwala ba

Mu da muka tashi a Cocotiers mun saba da rugugin jirage a sararin Libreville, har ba ma ɗaga kai. Amma akwai wani jirgin yaƙi, ƙirar Blenheim mai jefa bom, da ya taso daga Duwala ya nufo garin nan ranar 9 ga Nuwamban 1940, ɗauke da mutum uku, aka neme shi aka rasa. Cikinsu akwai Laftanar André Jacob, ɗan shekara 31.

Ba soja ba ne tun asali. Ya gama babbar makarantar Polytechnique, sannan ya shiga karatun limancin coci, yaƙi ya fizgo shi. Da Faransa ta faɗi hannun Jamus sai ya tsallaka Ingila ya bi Janar de Gaulle, har ya shiga farmakin jiragen Ingila a kan Jamus. Ajali kuwa a nan yake jiransa, a rikicin da Bafaranshe ya ɗaga wa Bafaranshe makami, mutanen Vichy da na de Gaulle. A ranar da ya ɓace ne jirgin ruwan Savorgnan de Brazza ya nutsar da ɗan'uwansa Bougainville a bakin tekun nan da muke zuwa shan iska.

Wani zai ce me ya haɗa mu da ɗan masu mulkin mallaka, wanda sana'arsa zuba wuta daga sama? Tambayar tana kan hanya, domin ƙarƙashin kowane jirgin bom akwai rufin gidan wani. Duk da haka muna ganin ya cancanci a tuna shi. Mu jikokin fatake ne, mun san zafin a ce mutum ya fita bai dawo ba, babu gawa, babu kabarin da za a nuna wa 'ya'ya.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne wannan: Jacob ba shi da kabari, amma yana da suna. Ƙasarsa ta rubuta shi cikin mutum 1,038 da ta ba lambar Compagnon de la Libération. Sojojin Afirka da suka sauka tare da Leclerc don karɓe Libreville fa, su wa da wa? Leburorin da suka yi ɗawainiyar filin jirgin Kano, inda jiragen yaƙi daga Takoradi ke ya da zango kan hanyar Masar? 'Yan Boma da aka kwasa daga ƙasar Hausa?

Cikin gidajenmu, nan da Oyem da Bitam, akwai tsofaffin da har yanzu ke riƙe da sunan wani kawu ko kaka da ya tafi soja shiru. Kafin Nuwamba ta zagayo, mu zauna da su bayan sallar Juma'a, da alƙalami da takarda: sunansa, sunan mahaifinsa, garin da aka ɗauke shi, da shekarar da aka daina jin labarinsa.