Ra'ayinmu: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Yamai ko Katako ya ga samari zaune da kwamfuta, suna zuba waƙoƙi a wayoyin mutane kan kuɗi ƙalilan. Mai waƙar kuwa, ko dala ba ya gani.

Wasu na cewa a sa wa waƙa kwaɗo yadda ba za ta kwafu ba. An gwada hakan a Amurka, masu saye suka ƙosa, har kamfanin Apple ya cire kwaɗon daga waƙoƙin iTunes a shekarar 2009. Abin da ya gagari Apple ba zai yiwu a Katako ba.

A ganinmu, a bi kuɗin inda suke shiga. Tun da Celtel ya shigo Nijar a 2001, salula ta zama babbar hanyar sauraren waƙa. Kamfanonin waya na cin riba da waƙar jiran kira da kuma kuɗin intanet. Ga hukumar BNDA mai kare haƙƙin mawallafa, ga dokar shekarar 2010. Ya kamata hukumar ta riƙa bayyana abin da kowane kamfani ya biya, da abin da ya isa hannun mawaƙa.

Samarin kasuwa kuma a yi musu rajista, su biya kaso madaidaici. Mu ma gidajen rediyo mu sauke namu nauyin. Idan mawaƙi ya jingine gurmi saboda yunwa, me za mu saurara gobe?