Ɓarawon Da Ba Ya Fasa Ƙofa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami na rubuta wannan 'yar maƙala shi ne wani abu da ya faru a shagon mahaifina a hutun da ya wuce, wanda har yanzu in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Mahaifina ɗan tireda ne, yana sayar da shinkafa da sukari da man gyaɗa da sabulu a bakin kasuwar garinmu. Tun kafin a haife ni yake wannan sana'a, kuma ɓarawo bai taɓa fasa masa shago ba, domin kwaɗo uku yake garƙamawa, ga maigadi da 'yan layinsu suke biya duk wata. To, ran wata Alhamis, gab da magariba, sai ga wani mutum cikin shadda mai maiƙo, ya yi sallama, ya sayi buhu biyu na shinkafa da jarka ɗaya ta mai, bai ko nemi ragi ba. Ya ce zai turo kuɗin ta waya. Nan take wayar Baba ta yi ƙara, ga saƙo da sunan banki, kuɗi cif. Ladan yana kiran salla, Baba ya ce Allah Ya amfana. Ni da hannuna na taya mutumin ɗora kayan a kan a-daidaita-sahu, har ya ce mini, "Allah Ya yi maka albarka, yaro." Sai washegari da Baba zai biya dila, ya tarar ko kwabo bai shiga asusunsa ba.

Watau saƙon tes ba kuɗi ba ne. Rubutu ne kawai, kuma mugu yana iya tsara shi ya yi kama da na banki. Haka nan hoton rasit da ake nuna wa mutum a fuskar waya. Shaida ɗaya ce tak, mai kaya ya buɗe asusunsa da kansa ya ga kuɗin sun ƙaru.

Ni dai ban ga laifin iyayenmu sosai ba. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin naira, a farkon 2023 kuwa takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo. Mai shayi, da mahauci, da mai kayan miya, kowa tilas ya koma karɓar kuɗi ta waya, in ba haka ba ya kwana da kayansa. An tura mutane cikin kogi ba a koya musu iyo ba. Takardun kuɗi sun dawo daga baya, amma ciniki ta waya ya zauna daram, su ma macuta sun sami wurin kiwo.

Inda nake ganin kuskuren yake shi ne maganar nan da na sha ji a bakin 'yan kasuwa, wai, "Ni me nake da shi da za a sata? Ai su bankuna suke hari." Alhali kuwa banki yana da ƙwararru waɗanda ba su da aiki sai tsaron na'urorinsa dare da rana. Ɗan tireda fa? Wayarsa ita ce bankinsa, ita ce littafin bashinsa, a cikinta lambobin dilolinsa suke, amma tana yawo daga hannun yaron shago zuwa hannun mai cajin waya. Lambar sirrinsa kuwa sau da yawa shekarar haihuwarsa ce, ko 1234. Kura ai inda katanga ta gajarta take tsallakawa.

Wani lokacin ma ba zaɓar mutum ake yi ba. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kamar 150, tana kulle bayanan da ke cikin kwamfuta, ta ce sai an biya fansa. Har asibitoci a Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Abin mamaki, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta na'urorinsu ba su ne suka shiga hannu. In manyan asibitocin Turawa sun ji jiki, ina ga mai kemis ko mai shagon buga takardu da ya sayi tsohuwar kwamfuta ta hannu, ya zuba dukan lissafinsa a ciki, bai ajiye kwafi a wani wuri ba?

Akwai kuma masu bugo waya. Mutum zai yi maka sallama da Hausa tsantsa, ya ambaci cikakken sunanka, ya ce daga banki yake, wai BVN ɗinka ta sami matsala, za a rufe asusunka kafin la'asar. BVN dai lamba ce mai alƙaluma 11 da aka fara bayarwa a 2014. Da ya ga ka ruɗe, sai ya nemi lambobin da ke jikin katinka, da 'yar lambar nan da ake aikowa ta tes don tabbatar da cire kuɗi. Ka karanta masa, shi ke nan, ka miƙa masa makullin rumbunka. Banki ba ya tambayar waɗannan ta waya. Irin wannan dabara ake yi a ƙwace WhatsApp ɗin ɗan kasuwa da lamba mai alƙaluma 6, sa'an nan a bi abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya ana cewa su biya a wani sabon asusu. Wannan kam ta fi asarar buhu biyu ciwo, domin sunan da mutum ya yi shekaru yana ginawa ne ake damfara da shi.

Abin da ya fi taimaka wa macutan nan kuwa, a ganina, shi ne kunya. Da abin ya faru, Baba ya ja kunnena ya ce, "Kada in ji maganar nan a waje, a ce an yi wa Alhaji wayo." Muka yi shiru. Ba a yi mako biyu ba, aka yi wa maƙwabcinmu mai sayar da siminti irin ta sak, kuma yadda ya kwatanta mutumin, shi ne dai mai shaddar nan. Da mun yi magana, da ya shafa wa gemunsa ruwa. Bayan wannan ne Baba ya yarda in rubuta labarin. Akwai dokar hukunta masu laifi ta intanet tun 2015, an kuma yi mata gyara a 2024, amma doka ba ta kama wanda ba a kai ƙararsa ba. In an cire wa mutum kuɗi, ya garzaya banki a ranar, kada ya bari sai an kwana ana shawara.

Su ma bankuna ina da ƙorafi a kansu. Don me gargaɗinsu yake zuwa da Turanci ga mutumin da Hausa da ajami kaɗai yake karantawa? Da sun tashi tallar bashi ai sun san hanyar gidan rediyo.

Mu kuma ɗalibai, mu ne ake miƙa wa waya a gida a ce, "Karanta mini." A aji mun haddace sassan kwamfuta a kan allo, mun ci jarrabawa, amma da yawanmu ba mu san yadda ake sa wa layin waya lambar kulle ba, alhali in an sace waya, da layin ake shiga asusu. Ina roƙon malaman kwamfuta su ware ko darasi biyu a zango don wannan. Kuma mu daina yi wa 'yan damfara kallon gwanaye don sun hau mota. Shinkafar wani suka hau.

Asarar nan ni ma ta taɓa ni, domin bana na dawo makaranta ba madara ba sukari, sai garin kwaki da ƙuli. Kafin in taho na sami kwali na rubuta da manyan baƙaƙe, "Ba a fita da kaya sai mun ga kuɗi a asusu," na rataya a ƙofar shago. Ranar farko wani dattijo ya karanta ya fusata, ya ce, "Alhaji, yanzu ni ma ba ka yarda da ni ba?" Baba ya jawo masa benci, ya ce, "Zauna, Malam, ka sha ruwa. Ba da kai nake ba, da wayar nake."