Injunan ofisoshi su riƙa magana da juna, don Damargu ta daina jira

Kowace shekara, daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, hankalin magabata yakan koma arewacin jahar Damagaram. Damargu, wadda a da ake yi wa kirari da rumbun hatsi, ta daɗe tana fama da rowar ruwan sama. Farin 1984 ya bar tabo, fari da farar 2004 kuma suka jawo wahalar 2005. Tun 1989 gwamnati ta kafa hukumar gargaɗi da wuri, wadda aka fi sani da SAP, domin kada yunwa ta sāke shigowa gida ba sallama.

Labari kam ba a rasa shi ba. Malamin likita na Tarka yana rubuta yawan yaran da tamowa ta kama. Ma'aikatan SIMA suna bin kasuwanni irin su Tanut da Bakin Birji suna ɗaukar farashin hatsi. Wasu suna auna ruwan da ya sauka, wasu suna ƙirga buhunan da suka rage a sito. Ma'aikatar lafiya tana tattara alƙalumanta da manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, kuma ƙasashe fiye da 70 suna aiki da ita. Sauran ma'aikatu ma kowace da tata manhaja. Matsalar ita ce, sau da yawa kowane inji yana zaune a ɗakinsa kamar kishiyoyin da ba sa ga maciji. Alƙalami ɗaya a buga shi nan, a fitar da shi kan takarda, a aika, wani sakatare ya sāke buga shi can. Kowane kwafi yana cin kwanaki, kuma a kowane kwafi 17 na iya zama 71.

Maganin wannan sananne ne, kamfanoni da bankuna sun daɗe suna amfani da shi. Ana buɗe wa kowace manhaja ƙofar musayar bayanai, a yi yarjejeniya kan siffar saƙon da zai bi ta cikinta, sa'annan a rubuta ƙa'ida: in abu kaza ya faru, a duba kaza, a aikata kaza. Alal misali, in yawan yaran da aka karɓa a wata likita ya wuce iyakar da aka tsai da mako biyu a jere, sai manhajar lafiya ta tambayi manhajar sito abin da ya rage na abincin magani. In ya yi kaɗan, takardar neman ƙari ta shiryu da kanta, saƙo ya shiga wayar babban likitan gunduma, kwafi kuma ya isa ga kwamitin da ke lura da sha'anin cimaka, farashin hatsi na wannan mako yana gefensa. Ba wanda ya kwafi kome da hannu. Abin da ke cin wata guda sai ya ci yini ɗaya.

Mai shakka ya dubi sha'anin kuɗi. Ɗan kasuwar Tanut yana zuba kuɗi a Nita ko Al Izza, kafin ya koma rumfarsa saƙo ya isa wayar abokin cinikinsa a Agadas. A ran 30 ga Satumba 2025 babban banki na BCEAO ya ƙaddamar da tsarin da ke haɗa bankuna da kamfanonin kuɗin waya na ƙasashe 8 masu amfani da sefa, don kuɗi su wuce daga wannan asusu zuwa wancan nan take. In jika goma na iya tafiya haka, ba dalilin da zai sa labarin yaro mai tamowa ya jira mota.

Sai dai akwai aikin da ya wajaba a fara yi, kuma ba shi da armashi, shi ya sa ake tsallake shi. Inji ba ya gane mutum da fuska, ba ya gane gari da hankali. Wani ya rubuta Belbédji da rubutun Faransanci, wani Belbeji, wani ya raba sunan biyu, inji sai ya ga garuruwa uku. Ƙauyukan da suka yi tarayya a suna ɗaya kuwa, waɗanda ba su da iyaka a ƙasar Hausa, sai ya dunƙule su ya mai da su gari guda. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta fitar da kundin sunayen garuruwa da ake kira RENALOC bayan ƙidayar jama'a ta 2012. Ya kamata kowane gari, kowace likita, kowace kasuwa su ɗauki lamba ɗaya tak, kuma duk ma'aikatu su yi aiki da ita.

Tarihin gundumomin nan biyu kansa tarko ne. Har 2011 Belbeji tana cikin gundumar Tanut. Injin da aka sa ya gwada alƙaluman Tanut na 2010 da na yau, ba tare da an sanar da shi wannan rabuwa ba, zai ba da bushara cewa marasa lafiya sun ragu, alhali Tarka ce kawai ta koma wani shafi. Haka zancen makiyaya, Buzaye da Fulani, waɗanda ke hawa arewa da damina su gangaro da rani: yaro ɗaya na iya shiga lissafi sau biyu, ko ya kuɓuce masa gaba ɗaya. Kuskuren da sakatare mai lura zai tare, sarƙar inji takan kai shi ofishi biyar cikin ƙiftawar ido.

Don haka inji ya shirya takarda, amma sa hannu ya zauna wurin mutum mai suna da muƙami, wanda za a iya tambaya gobe. Alƙaluma su wuce daga ma'aikata zuwa ma'aikata, sunayen marasa lafiya kuwa su tsaya cikin likita, kamar yadda dokar kare bayanan mutane ta tanada. A kuma tuna da malamin da ke bakin sarƙar, wanda ke cika littafi bayan ya yini yana duban jama'a, a wurin da wutar lantarki da layin waya ba su da tabbas. Manhajar da ba ta iya ajiye bayani ta aika shi sa'ad da layi ya dawo, ba ta Damargu ba ce.

Ba sai an jira babban shiri na ƙasa baki ɗaya ba. A zaɓi gunduma ɗaya, Tanut ko Belbeji, a haɗa manhajar lafiya da ta sito, a gwada har damina guda, a ga inda ta yi tuntuɓe. Ma'aikatun ministoci kuma su tsai da sharaɗi ga duk mai kawo sabuwar manhaja, ɗan kasuwa ne ko ƙungiyar agaji, cewa ba za a karɓe ta ba sai ta nuna tana iya musayar bayani da waɗanda ta tarar.