Wayar salula ba ta maye gurbin amana

Tun bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 ƙungiyoyi masu zaman kansu suka yawaita a Nijar, akasarinsu kuwa da kuɗin ƙetare suke numfashi. Wannan rijiya tana ƙafewa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID, a cikin shekarar kuma hukumomin Yamai suka sallami ƙungiyar agaji ta CICR. Ya zama wajibi ƙungiyoyin raya karkara na Dogon Dutsi da Tibiri su juyo gida, wajen 'ya'yan Arewa masu fatauci a Kwatano da Legas, da ma'aikatanmu na Yamai.

Hanyar isa gare su tana cikin aljihu. Zauren WhatsApp guda yana haɗa ɗan Matankari da ke Abijan da danginsa na ƙauye. Amma me muke gani a yawancin zaurukan nan? Hotunan shugaba, da sanarwa cikin Faransanci, harshen da galibin masu ba da gudummawa ba su karantawa. Roƙo ya fito, kuɗi su tafi, daga nan shiru.

Matan karkara sun riga mu gano maganin. Asusun Mata Masu Dubara, wanda aka soma a jahar Maraɗi a 1991, a gaban kowa ake buɗe akwatinsa a ƙidaya kuɗi.

Haka ya kamata a yi a waya. Kowane wata ma'aji ya aiko saƙon murya da Hausa: ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga hoton rijiyar ko ajin da aka gina. Ɗan kasuwa ya san lissafi. Wanda aka nuna masa inda jikarsa ta shiga zai sake bayarwa. Wanda aka yi wa shiru, ya yi ta ƙarshe.