Dogon lens ya yi sauƙi, amma kar ka saye shi don wasan dare

Duk mai kallon ƙwallo ya san mutanen nan da ke tsugune a bayan raga, kowa riƙe da kyamara mai dogon baki kamar turmi. Lens ɗaya a cikin irin nasu, misali 400mm f/2.8 na Canon ko Sony, ya fito kasuwa a kan wajen dala 12,000. Ni dai na buga shi da naira sau ɗaya, na kashe wayata.

To 'yan shekarun nan kasuwa ta sauya. A 2019 Sony ya fitar da 200-600mm a kan kusan dala 2,000. A 2023 Nikon ya biyo baya da 180-600mm, kafin shekarar ta ƙare Canon ya kawo 200-800mm a dala 1,899, sannan a 2025 Sony ya ƙara da 400-800mm. Dukkansu masu zuƙowa ne, kana murɗawa abin da ke nesa yana matsowa. An yi su ne don masu ɗaukar tsuntsaye da namun daji da wasanni, waɗanda ba su da damar matsawa kusa. Wa zai je gaban giwa ya ce ta gyara tsayuwa?

Me ya haɗa mu da wannan, mu masoya fim da waƙa? Wani abokina mai ɗaukar biki ne ya fara tara kuɗin na Canon ɗin, wai don ya riƙa ɗauko fuskar mawaƙi daga can bayan taro idan ana gala. Na ce masa, malam, tsaya tukuna.

Arahar nan da haske aka biya ta. Lambar f da ake rubutawa a jikin lens tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga, kuma duk sanda lambar ta girma, ƙofar tsukewa take. Na Canon yana farawa daga f/6.3, idan ka zuƙo har 800mm ya koma f/9. Hasken da ke shiga a f/9 bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wanda ke shiga a f/2.8 ba. Da rana tsaka ba matsala. Amma a ɗakin taro da dare, mawaƙi yana tsalle, fitilu na kawowa suna ɗaukewa, zaɓinka biyu ne: ko hoto ya fito da motsi kamar aljani, ko ka ɗaga ISO ya cika da yashi. Ga nauyi, wajen kilo biyu, ka riƙe shi awa uku ka ji yadda kafaɗa za ta yi.

Akwai kuma abin da masu tallan ba sa faɗa, don ba a ƙasarmu suke gwaji ba: hazo. Dogon lens yana hango abu ne ta cikin duk iskar da ke tsakaninku. Lokacin hunturu ƙura za ta wanke maka kala, da bazara kuma tururin zafi ya sa hoto ya riƙa rawa. Ba lens ɗin da ke gyara wannan, komai tsadarsa.

Inda zai yi maka rana shi ne wasan Kano Pillars na yamma, ko Hawan Daushe, inda za ka ɗauko fuskar mahayi da adon dokinsa ba tare da an take ka ba, ko a Yankari da sassafe. Masu bidiyon waƙa ma za su so yadda yake matso da abin da ke bayan jaruma, dutsen da ke can nesa ya zama kamar a kafaɗarta yake.

Abokin nawa dai aikinsa kusan duk na dare ne. Na ce ya nemi 70-200mm f/2.8, ko na hannu ne, ya kuma riƙa zuwa da wuri ya kama wuri a gaba. Har yanzu yana ta min musu, wai ɗari takwas ta fi ɗari biyu.